Aikina ne ya sa maigidana yake dukana?

"Assalamu alaikum Barista. Shekarata tara da aure, 'ya'yanmu uku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana kuma ɗan kasuwa ne, amma shekara biyu ke nan jarinsa ya karye. Yanzu kusan komai ni ce: cefane, kuɗin makaranta, hayar bana ma ni na cika. Ban taɓa yi masa gori ba, Allah ne shaidata. Amma tun da abubuwa suka juya ya canza min. Daga baƙar magana aka koma mari. Watan jiya na ga hirarsa da wata yarinya a wayarsa, da na tambaye shi sai ya shaƙe min wuya a gaban babbar 'yarmu har na daina gani. Washegari ya yi kuka ya ba ni haƙuri. Umma ta ce namiji ba ya son mace ta fi shi, in ajiye aikin in ga ko zai dawo daidai. Shin aikina ne ya jawo? In na ajiye zai daina? In kuma na nemi rabuwa, dole sai na biya shi sadakinsa, kuma zai ƙwace min yara?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sannu, Allah ya kawo miki mafita. Abubuwa uku kika ɗaure a ƙulli ɗaya: dukan da ake miki, yarinyar da ke cikin waya, da ɗawainiyar gida da ta dawo kanki. Umma, cikin son ta ga aurenki ya tsaya, ta ɗauki na ukun ta mai da shi uwar sauran biyun. Na shafe shekaru ina zirga-zirga tsakanin kotunan shari'ar Musulunci da zaman sulhun ma'aurata, kuma abin da na gani bai yi daidai da wannan lissafi ba. Zan kwance miki su ɗaya bayan ɗaya, amma ba da tambayarki ta farko zan fara ba.

Wuyan da aka shaƙe

Kin wuce wannan maganar a jimla ɗaya, alhali ita ce ta fi tayar min da hankali a duk saƙonki. Masu bincike kan kisan mata a gidajen aure sun daɗe da ware shaƙe wuya daga sauran nau'o'in duka. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya gano cewa matar da mijinta ya taɓa shaƙe ta, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka kusan sau bakwai. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce a cikin matan da ake kashewa a duniya, har kashi 38 cikin ɗari mazajensu ne ko samarinsu suke kashe su. Ke ma'aikaciyar jinya ce, kin fi ni sanin abin da "na daina gani" yake nufi: jini ya daina isa ƙwaƙwalwa. Tsakanin wannan da likkafani tazara ce ƙarama.

Saboda haka ki je ki ga likita ko da wata guda ya wuce, musamman in muryarki ta dushe, ko haɗiya tana miki wuya, ko ciwon kai ya ƙi tafiya. Ki faɗa masa gaskiyar abin da ya faru, kada ki ce faɗuwa kika yi a banɗaki, ki kuma tabbatar ya rubuta a katinki. Takardun makarantarki, lasisin aikinki, takardun haihuwar yara da katin banki, ki kai su ajiya gidan wata 'yar'uwa da kika yarda da ita. Ki sami maƙwabciya ɗaya ki faɗa mata in ta ji ihu kada ta ce ba a shiga tsakanin miji da mata, ta kira mutane. In rigima ta taso ki nisanci kicin, ki kusanci ƙofa. Duk ranar da kika yanke shawarar tafiya gida, kada ki sanar da shi kuna ku biyu a ɗaki, don lokacin da mace take ƙoƙarin fita shi ne mai duka ya fi zama haɗari.

Kukan da ya yi washegari, ban ce na ƙarya ba ne. Sai dai na san shi. Na sha jin labarinsa a bakin mata daban-daban kamar sun haɗa baki: ya shigo da ledar balangu, ya durƙusa, ya ce sharrin Shaiɗan ne, a yi sati biyu kamar amarci, sannan fuska ta fara ɗaurewa, mace ta koma tafiya a gidanta kamar mai taka ƙaya, har ranar da za a sake. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam, Lenore Walker, ta bayyana wannan zagaye tun 1979. Abin dubawa shi ne ko dukan yana raguwa ko yana ƙaruwa. Naki ya tashi daga magana zuwa mari, daga mari zuwa wuya.

Shin aikinki ne ya jawo?

A'a. Amma bari in ba Umma haƙƙinta, don akwai gaskiya a bakin maganarta. Namijin Bahaushe an raine shi a kan cewa mutuncinsa shi ne ci da sha da sutura da muhallin iyalinsa. Iyayenmu da yawa sun riƙe gidaje da albashin masaƙun Kakuri a Kaduna da kamfanonin Bompai da Sharaɗa a Kano, waɗanda akasarinsu yanzu kangaye ne. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 aka kuma saki darajar naira, ƙananan 'yan kasuwa da yawa jarinsu ya narke suna kallo, har hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. Mutumin da ya saba ajiye kuɗin cefane kowace safiya, yau ya wayi gari yana jiran matarsa ta ba yara kuɗin tara, a majalisa kuma ana jifansa da "mijin ta ce", wannan mutum yana cikin ciwo na gaske. Ba na raina shi.

Ita kuma macen Bahaushe ba yau ta fara nema ba. Kakanninmu daga cikin kulle suke ƙuli-ƙuli da fura da ɗinkin hula, su zuba adashi, su yi wa 'ya'yansu kayan ɗaki, su rufa wa maigida asiri ranar da ya fita bai samo ba. Bambancin shi ne kuɗinsu a ɓoye yake, a ƙarƙashin katifa ko cikin kwalla. Naki kuwa albashi ne, kowa ya san ranar shigarsa, mai gidan haya ma ya san daga asusun wa kuɗinsa ya fito. Abin da ya canza ke nan, kuma mun canza shi ba tare da mun zauna mun koya wa 'ya'yanmu maza yadda ake zama da shi ba.

To amma ki tambayi kanki: maigidanki ya taɓa shaƙe mai gidan haya? Ya taɓa marin wanda yake binsa bashi a kasuwa? Su ma suna ɓata masa rai, wataƙila fiye da ke, amma a gabansu yana iya riƙe hannunsa. Wanda ya san inda zai riƙe hannu ya san inda yake sakinsa. Talauci yana kawo ƙunci, amma zaɓen wanda za a huce a kansa aikin mutum ne. Ga maza nan birjik da karayar arziki ta same su, matansu suke riƙe da gida, ba su taɓa ɗaga musu yatsa ba. A ɗaya gefen kuma, yawancin matan da suke zuwa wurina da kumburarriyar fuska ba su da albashin ko sisi. Laifinsu shi ne sun ce omo ya ƙare. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 36 cikin ɗari na matan Najeriya da suka taɓa aure sun fuskanci duka ko tursasawa a shimfiɗa ko cin zarafi na baki daga mazajensu. Wannan adadi ya haɗa mai aiki da marar aiki, ta birni da ta ƙauye. Abin da ya fi ba ni tausayi a binciken shi ne kashi 28 cikin ɗari na matan da kansu sun ce miji yana da hujjar dukan matarsa a kan abubuwa irin su ƙona abinci ko fita ba izini. Daga irin wannan tarbiyya shawarar Umma ta fito, ba daga rashin sonki ba.

In kika ajiye aiki, ga abin da zai faru: ranar ɗaya ga wata babu albashi, babu jari, ga yara uku. Ƙuncin da ake cewa shi ya jawo dukan zai ninka, ke kuma kin rasa kuɗin motar da za ki je gidanku. Kada ki ajiye.

A shari'a dukiyarki taki ce, ciyarwa kuma wajibinsa ce ko da kin fi shi kuɗi. Abin da kike yi alheri ne. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud sana'ar hannu take yi tana ciyar da mijinta da marayun da ke hannunta, da aka tambayar mata Annabi (SAW) ya ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Ba a ce ta daina don kada ta fi mijinta ba. Da aka tambayi Nana A'isha me Annabi yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Namijin da kasuwa ta juya wa baya, in ya kai yara makaranta ya kula da su ranar da matarsa take aikin dare, Sunna ya bi. Na san akwai matan da samun kuɗi yake sa su raini da gori, kuma ina faɗa musu gaskiya a gaban mazajensu. Ko su ɗin ma maganinsu nasiha ne da sulhu, in ya ƙi a rabu.

Za a kawo miki aya ta 34 ta Suratun Nisa'i, wadda ta ambaci dukan matar da ta bijire wa mijinta. Ki sani malaman da suka fassara ta sun kewaye ta da sharuɗɗa: bayan wa'azi da ƙaurace wa shimfiɗa, ban da fuska, ban da abin da zai bar alama, har an ruwaito daga Ibn Abbas cewa da asuwaki ne da makamancinsa. Babu malamin kirki da zai shigar da mari da shaƙe wuya a ciki. Nana A'isha ta shaida cewa Annabi bai taɓa dukan mace ko mai hidima da hannunsa ba. Da Faɗimatu 'yar Ƙais ta nemi shawararsa kan masu neman aurenta, ya kawar da ita daga Abu Jahm saboda mai dukan mata ne. Tsohon kundin dokokin laifuka na Arewa, wato Penal Code, a sashe na 55, ya bar wa miji ƙofar "ladabtar" da matarsa, kuma ina cikin masu ganin ya kamata a toshe ta, amma ko shi ya cire rauni mai tsanani, wanda ya haɗa da duk abin da ya jefa rai cikin haɗari. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015, wadda ta fara aiki a Abuja jihohi da dama kuma suka yi tasu, irin su Kaduna a 2018, ta mai da dukan mata ko miji laifi kai tsaye.

Yarinyar da ke cikin waya

A nan zan taƙaita, don ba shi ne abin da zai kashe ki a daren yau ba. Cin amana ne, yana da zafi, kuma ya fi zafi da yake wataƙila da kuɗinki aka sayi datar. Ba aikin darenki ne ya tura shi ba. Allah da zai yi umarnin runtse ido a Suratun Nur, da maza ya fara a aya ta 30 kafin ya zo kan mata. Mu ne muka juya abin, muka ce namiji ai sai haƙuri, alhali da a wayarki aka ga irin wannan hira da yanzu takardarki tana hannunki. Na lura kuma wasu mazan da suka rasa girman "mai bayarwa" a gida sukan fita neman inda za a riƙa kallonsu da wannan ido, ko da naira dubu biyu ce ta kati. In ya ce ai aurenta zai yi, neman aure yana da ƙofa, ta wurin waliyyi ake shiga, kuma wanda ya kasa ciyar da gida ɗaya ba shi da bakin maganar na biyu.

Ki kiyaye harshenki daga cewa ya yi zina, don hira ba hujjar zina ba ce, kuma ƙazafi yana da hukunci mai nauyi. Ki je ki yi gwajin ƙanjamau da ciwon hanta da cututtukan sanyi, hankalinki ya kwanta. Kada ki kira yarinyar, ba ita ta ɗaura miki alkawari ba. Kada ki zuba albashinki wurin masu cewa za su karkato miki da shi, ko masu kayan mata da ke cewa laifin daga jikinki ne. Kada kuma ki sake tsare shi da maganar kuna ku biyu cikin dare. Mun ga yadda rigimar zargi ta ƙare a gidan Maryam Sanda da Bilyaminu Bello a Abuja a 2017: shi yana kabari, ita kotu ta yanke mata hukuncin kisa a 2020, 'yarsu ta tashi babu uba a raye babu uwa a kusa. Ranar da zuciya ta ɗebi mutum, wuƙar kicin ba ta tambayar wa ya fara.

Sadaki da yara

Wannan fagena ne, ki saurara da kyau, don mata da yawa suna asara a nan saboda rashin sani. Hanya biyu ce mace take rabuwa da miji ta kotu. Ta farko kul'i: ba ya cutar da ke, ke ce ba kya son zaman, sai ki fanshi kanki, galibi da mayar da sadaki, kamar yadda matar Sabitu ɗan Ƙais ta mayar masa da gonarsa. Ta biyu saki saboda cutarwa. A mazhabar Malikiyya da kotunanmu suke bi, Mukhtasar na Shaihu Khalil ya faɗa ƙarara cewa mace tana da haƙƙin a sake ta saboda cutarwa bayyananniya ko da shaidu ba su ce an maimaita ba. A wannan hanya ba kya biyan ko kwabo. Littafin Tuhfatul Hukkam kuma ya ce cutarwa tana tabbata da shaidu ko da labarin da ya yaɗu a tsakanin mutane, wato maƙwabta da dangi da suka daɗe suna ji. Har ma in mace ta biya kuɗin kul'i daga baya ta tabbatar da cewa cutarwa ce ta tilasta mata, ana dawo mata da kuɗinta. Rashin ciyarwa shi ma dalili ne mai zaman kansa.

Matsalar ita ce kul'i ya fi sauri, sai a yi ta tura mata can. Na tuna wata baiwar Allah mai ɗinki da ta zo min bayan ta sayar da kekenta ta biya mutumin da ya fasa mata dodon kunne. Da na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa wa alƙali ba, sai ta sunkuyar da kai tana murza bakin hijabinta ta ce, "Barista, cewa aka yi in ina son takardata yau in biya kawai." Shekara shida ana dukanta, babu katin asibiti ko ɗaya, don kullum cewa take yi ƙofa ce ta buge ta. Rufin asirin da ta yi masa shi ya zama hujjarsa. Shi ya sa na matsa miki a kan katin likita, da hoto, da sanar da wani babba tun yanzu.

Game da yara, riƙonsu bayan rabuwa haƙƙin uwa ne a Malikiyya: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwa ta auri wanda ba muharramin yaran ba, riƙon yakan koma wurin kakarsu ta wajen uwa kafin a zo ɓangaren uba. Ciyar da su da karatunsu da maganinsu kuwa suna kan uba duk inda suke. Ƙwace yara da ake yi al'ada ce da fin ƙarfi, kuma kotu tana dawo da su in an kai ƙara. Ba zan ɓoye miki ba, karɓo kuɗin ciyarwa daga uban da ba shi da tsayayyen samu aiki ne mai gajiyarwa, wani dalilin ke nan na riƙe aikinki.

Ban ce ki kashe aurenki ba, ban kuma ce ki zauna ba. Bakinki kaɗai na ji, ban zauna da shi ba, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da zan tsaya a kai shi ne kada a yi sulhu kina cikin gidan. Ki tafi gida tukuna. Aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta ce a tashi mai sulhu ɗaya daga danginsa, ɗaya daga naki. Ki zaɓi wanda maigidanki yake jin nauyinsa, kawu ko baffa ko yayanki, ba wanda zai ce "tashi ki bi mijinki" kafin a sha ruwa ba. Bikon da na ga ya yi ƙarko yana da alamomi: mijin ya faɗi abin da ya aikata da bakinsa a gaban manya ba tare da ya ce "ita ta jawo" ba, an rubuta sharuɗɗa an sa hannu, ya yarda ya ga likitan ƙwaƙwalwa ko mai ba da shawara in damuwa ko shaye-shaye na ciki, an zauna an tsara waye zai ɗauki me a gida har Allah ya buɗa masa, kuma an ba abin watanni ana kallo. Wanda ya ƙi waɗannan ya ba ki amsa.

Don taimakon shari'a kyauta akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, da ƙungiyar kare haƙƙin mata ta WRAPA, da Hukumar Ba da Agajin Shari'a, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. A Kano akwai cibiyar Waraka a asibitin Murtala, a Kaduna akwai cibiyoyin Salama, duk masu kula da waɗanda aka ci zarafinsu. Hisba ma tana zaman sulhu a jihohin da take, sai dai ki je da namiji daga danginki da takardar likita a hannu. Dokoki sun bambanta daga jiha zuwa jiha, lauyan da ke garinku shi zai duba miki wadda ta shafe ki.

Umma kuma kada ki yi jayayya da ita a kan haƙuri. Ki kama hannunta ki ɗora a wuyanki, ki ce, "Umma, nan ya riƙe har na daina gani, a gaban jikarki." Iyaye mata da yawa da na sani a nan maganarsu take canzawa, don "yana dukana" suka saba ji, ba su taɓa hango gawa ba.

Sai babbar 'yarki. Ta ga abin da ta gani, kuma yara sukan ɗauka su ne sanadi. Ki lura ko ta fara fitsarin kwance, ko firgita cikin barci, ko ta daina magana a aji. Ki zaunar da ita ku biyu, ba tare da kin zagi babanta ba, ki faɗa mata abin da Baba ya yi ba daidai ba ne, ba laifinta ba ne, kuma manya suna kan maganar. Ki koya mata in ta sake ganin rigima kada ta shiga tsakani, ta ja ƙannenta su fita gidan maƙwabciyar nan da kuka yi magana da ita.